Wanda Ya Yabi Igiya

Rijiyar Tungar Rissa, can arewa da Takanamat, ta kai gaba talatin da takwas ranar da igiya ta nuna ta gaji. Ana cikin jawo guga cike da laka, sai tufka ɗaya cikin tufka ukun igiyar ta ce tas. Guga ya yi ƙasa kamar kamu guda kafin sauran biyun su riƙe shi, laka ta zubo wa Yunusu a ka can cikin duhu. Aka ƙulle wurin da ya tsinke, aka jawo shi a hankali, kowa na salati a zuci. Da ya fito, ya je gindin aduwa ya zauna yana kallon ƙafafunsa.

Arzika ne shugaban mahaƙan, su bakwai, ma'aikatan gwamnati masu yawo gari gari suna haƙa rijiyoyin siminti. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, hannunsa na hagu yatsu biyu kawai suka rage masa. Yunusu kuwa surukinsa ne, mijin Rakiya, 'yarsa ta fari wadda ko sunanta ba ya kamawa, ga ta da ciki wata bakwai. Da yake Yunusu ya fi kowa ƙaramin jiki, shi ake zurawa ƙasa kullum. Saboda haka duk lokacin da Arzika ya dubi igiyar nan ta rama, wadda ta ci rani uku tana aiki, ba igiya yake gani ba, takabar 'yarsa yake gani.

Mahaƙa rijiya na ƙasar nan suna da doka guda wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma har matan da ke kawo musu fura sun san ta. Wanda duk ya ce igiya tana da kyau, shi zai fara sauka da ita. Shi ya sa ba ka jin mahaƙi ya yabi igiya da wasa. Sai ya bi ta gaba gaba da hannunsa, ya murɗa, ya shinshina, sa'an nan ya buɗe baki, domin ya san bakin nan nasa shi zai kai shi ƙasa. Wannan igiya kuwa tun kaka babu wanda ya yabe ta, ana dai aiki da ita don babu wata.

Sau uku Arzika yana sa malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta takarda zuwa Tawa a aiko da sabuwa. Amsar da ta zo daga ƙarshe ba ta igiya ba ce. An ce ranar ɗaya ga watan Mayu, ranar sallar ma'aikata ta wannan shekara ta 1963, ɗan majalisa Almustafa zai zo da kumandan mai mulkin yankin su buɗe rijiyar. A gaban idonsu ma'aikaci zai sauka ya ɗebo ruwan fari. Kowa ya san abin da ke samun wanda ya ƙi aikin gwamnati a irin wannan rana. Sunansa ya zama maƙiyin ƙasa, askarawa su tasa ƙeyarsa. Yunusu ma ya sani, ya ce gara ya sauka, in ya so Allah ya yi yadda ya ga dama.

Arzika ya ce, "Ba ka sauka bisa wagga. Ni za ni Tawa."

Ba don yana marmarin ganin fuskar Almustafa ya tafi ba. Tare suka tashi a wani ƙauye gabas da Barmu, shi ɗan baran gidan maigari, Almustafa ɗan maigarin. Shekarar da Nasara suka zo ɗaukar soja don babban yaƙinsu, sunan Almustafa ya fito a takarda. Maigari ya dubi ɗansa mai laushin hannu, ya dubi ɗan baransa, bai daɗe yana shawara ba. Aka koya wa Arzika ya amsa in an kira Almustafa. Shekara shida yana amsa sunan wani, cikin sanyin da ruwa ke zama dutse, har ya bar yatsu uku a wani rami a ƙasar da bai iya faɗin sunanta daidai ba. Da ya dawo, maigari ya karɓi takardar soja da lambar yabo, wai zai adana masa. Takarda da lamba suka koma wurin mai suna, dungun ya zauna wurin mai hannu. Arzika bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ya ci tuwon gidan, kuma wa zai saurari ɗan bara?

Yanzu ga Almustafa ya zama abin da mutane ke kira Depite, wato ɗan majalisa, yana da gidan siminti a Tawa da mota baƙa da direba. Arzika ya kwana biyu a hanya, rabi a ƙasa rabi a bayan motar kaya, ya iso da hantsi. Aka zaunar da shi a zaure har azahar ta wuce. Da aka shigar da shi, ya tarar da Depite a kan kujera mai taushi, ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace, baƙi huɗu na zaune suna jiran ya yi tari su ce masa sannu. Lambar tana maƙale a ƙirjin babbar rigarsa, an goge ta tana walƙiya.

Depite ya ce, "A'a, Arzika! Kai na? Zamna, zamna." Ya nuna masa tabarma, ko da yake akwai kujera biyu babu kowa a kai.

Arzika ya gaishe shi yadda ake gaida manya, ya faɗi abin da ya kawo shi a taƙaice. Igiya ta ruɓe, rijiya ta kusa gaba arba'in, mutum ne za a zura.

Depite ya juya wajen baƙinsa, domin shi ba ya ɓata magana a kan mutum ɗaya. "Kun ji ko? Wanga shi na ciwon ƙasag ga. Mun samu mulkin kai, amma kowa ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu shina jiran gwamnati ta sa mishi. Aikin ƙasa sadaukarwa na. Ni da kuka gani, ina barci? Ban barci. Ƙasa ad dai cikin raina." Baƙi suka gyaɗa kai, ɗaya ya ce wallahi ana gani a jikinsa. Lallai kuwa ana gani.

Ya ci gaba, yana shafa lambar da babban yatsa. "Mu da munka yi soja mun san disiplin. Soja ba shi tambaya ko bindiga sabuwa ta ko tsohuwa. An ce tahi, ya tahi. Ma'aikaci ko sojan ƙasa na, hwatanya da shebur su na bindigarshi. Da mun tsaya muna koke-koke cikin ramukkan can, da an ci yaƙi?"

Arzika ya ɗaga kai ya dube shi sosai, yana neman ko da ɗigon kunya. Babu. Mutumin ya maimaita labarin nan sau da yawa har ya fara jin sanyin ramin a ƙashinsa. Abin ya ba Arzika haushi, ya kuma ba shi mamaki, har ya rasa wanne ya fi. Ya ɓoye dungunsa cikin hannun riga.

"Ranka shi daɗe, igiya dai."

"Bon. Batun ma'aikata, ba a gaya mini shi. Awa biyu nit tsaya cikin majalisa Yamai ina magana bisa haƙƙinsu, hal anka tashi tsaye ana tahi. Kuma ka ji albishir. Ranar salla kowane ɗayanku za shi samu rigar kaki da hula. Wala! Igiya kuwa, an duba mangaza, ɗakin ajiyar kaya, babu. Ku lallaɓa."

Da wannan aka sallame shi. Har an kai shi ƙofa Depite ya sa aka ba shi goro biyu.

Ana gobe salla motar kaya ta iso Tungar Rissa da kujeru da tutoci da rigunan kaki bakwai, duk girmansu ɗaya, har ta Yunusu tana jan ƙasa. Aka kafa babbar rumfa ta zana gabas da rijiya domin manyan baƙi. Sa'an nan askarawa suka sauko da wani nannauyan ƙunshi, suka kafa turaku kewaye da rumfar, suka zagaye ta da igiya don kada talakawa su matso su shaƙe wa manya iska. Arzika ya tsaya cak. Igiya ce sabuwa fil, fara, mai kaurin tsintsiyar hannu, irin wadda ake kawowa daga teku. Ita ce wadda aka duba mangaza babu.

Da asuba, bayan salla, ya bi ta turke turke kamar mai yawon shan iska. Yana aunawa da gabansa, yana murɗawa, yana duba ko an yanke ta a wani wuri. Gaba arba'in da shida, ba yanka, ba ƙulli. Ya je wurin babban askarin ya roƙa a ba su aronta na sa'a guda. Askarin ya ce wannan igiyar protokol ce, ta tsarin manyan baƙi, Depite da kansa ya ce a zagaye rumfa da ita, wanda ya taɓa ta zai kwana a ɗaure. Arzika ya koma bakin rijiya ya zauna. Ya daɗe yana kallon tsohuwar igiyar a naɗe, da ƙullinta uku, sai ya tashi ya sa rigar kakinsa.

Kafin hantsi fili ya cika. Hausawan tungayen kewaye sun zo da jakuna, Buzaye sun zo bisa raƙuma sun tsaya daga baya fuska a rufe, mata sun jeru da tuluna da salka, don an ce yau kowa zai ɗiba. Ranar bazara ta buɗe sosai, jama'a na tsaye cikinta, inuwa tana can bayan farar igiya inda kujera goma sha biyu ke ɗauke da mutum takwas. Rakiya tana cikin mata, ta dafa ƙugu da hannu ɗaya, idonta a kan mijinta. Arzika ya gan ta, ya kau da kai.

Kumandan, wani saurayin ma'aikaci mai tabarau, ya yi magana gajeriya ya zauna. Depite ya miƙe. Ya yi maganar mulkin kai, ya yi ta sadaukarwa, ya yi ta ramukan yaƙi da sanyi, ya ce a duk Afirka babu ma'aikacin da ake tattali kamar na ƙasar nan, ga shaida nan a jikinsu, kaki sabo. Maroƙi yana tsinto maganar yana cilla wa na nesa, tafinta yana juya ta da Buzanci. Wata akuya ta suma don zafi aka ja ta gefe, shi bai ko sassauta ba. Da ya ga dama ya ce, to, yanzu sojan ƙasa zai sauka ya kawo ruwan fari.

Yunusu ya taka zai nufi bakin rijiya. Arzika ya riƙe masa riga. Ya sunkuya ya ɗauki tsohuwar igiya a kafaɗa, ya taka har gaban rumfa, ya ajiye ta a ƙasa daidai ƙafar Depite, ya durƙusa. Ya san in abin ya karkace, yau a ɗaure zai kwana. Ya ɗaga murya yadda na bisa raƙuma za su ji.

"Ranka shi daɗe, mu jahilai na. Wasu cikinmu sun ce igiyag ga ta mutu. Kai ko tsohon soja na, ka san kayan aiki. Duba muna ita, ka hwaɗi gaban jama'a, tana da kyau ko ba ta da?"

Da Almustafa ɗan maigari ne na da, wanda ya taɓa zama bakin rijiya yana kallon mahaƙa, da ya ji ƙanshin tarko. Amma shekara ashirin a ofis da majalisa sun koya masa cewa magana abu ce da ake faɗi a tafa, a tashi a ci abinci. Ya sa yatsu biyu ya ɗaga bakin igiyar kamar mai ɗaga mataccen ɓera, ya juya ga jama'a yana murmushi.

"Wagga? Lahiyarta lau! Ko raƙumi ta ɗauka. Ni nic ce tana da kyau!"

Maroƙi ya cilla, tafinta ya juya. Depite ya dakata yana jiran tafi. Ba a tafa ba. Sai wani irin gunaguni mai daɗi ya bi cikin taron, irin na mutanen da suka ga abin da ba su zata ba. Tsofaffi suka gyaɗa kai, suka ce madalla, ashe da gaske jarumi ne. Mata suka rangaɗa guɗa. Jama'a suka dare biyu, hanya ta buɗe tun daga rumfa har bakin rijiya. Mahaƙa shida suka je suka kama wurarensu, Arzika ya ɗauko guntun icen da mai sauka ke zama a kai, ya ɗaura shi a bakin tsohuwar igiya, ya miƙa da hannu biyu.

"Bisimilla, ranka shi daɗe."

"Bisimilla mi?"

Kumandan ya karkato ya tambayi maigarin Tunga, maigari ya yi masa bayani a kunne, shi kuma ya faɗa wa Depite da Faransanci. Nan fa aka ga abin kallo. Murmushin ya tsaya a fuskar kamar an manta shi a can. Ya dubi igiyar da ƙullinta uku, ya dubi bakin rijiya, ya dubi cikinsa. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka, kuma magana zarar bunu ce, ga mutum ɗari biyar sun ji ta cikin harshe biyu.

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai shi wakilin jama'a ne, wakili kuwa yana iya naɗa wakili. Ya dafa kafaɗar Arzika, ya yi ƙasa da murya, amma maroƙin da ya saba bai san an canja ba, ya cilla ta har bayan raƙuma.

"Arzika, ɗan'uwana, sauka da sunana."

Arzika ya ji wani abu da ya kwanta a ƙirjinsa shekara ashirin da uku ya motsa. Bai yi shirin faɗin wannan ba, igiya kawai ya zo nema. Ya zare hannunsa na hagu daga cikin rigar kaki ya ɗaga shi sama, yatsu biyu da dungu uku.

"Na taɓa tahiya da sunanka sau guda, ranka shi daɗe. Ga abin da nid dawo da shi. Sauran shina ƙirjinka."

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Babu tungar da ba ta san yadda ake ɗaukar soja a zamanin Nasara ba, babu tsohon da bai san ɗan wane ya tafi da sunan ɗan wane ba. Idanun mutum ɗari biyar suka tashi daga dungun suka sauka a kan lambar. Kumandan ya cire tabaransa ya shiga gogewa, ya daɗe yana gogewa. Can cikin mata wata tsohuwa mai suna Lalla, wadda ɗanta ya tafi irin wannan tafiya bai dawo ba, ta tofar da yawu ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi." Ba ta ɗaga murya ba, amma an ji.

Hanya biyu ta rage wa Depite, rijiya ko haɗiye maganarsa. Bai daɗe yana shawara ba, abin gado ne. Ya ce da ya sake dubawa da kyau, igiyar tana da ɗan rauni.

Arzika ya ce, "Ba su jiya ba, ranka shi daɗe. Tana da kyau ko ba ta da?"

"Ba ta da kyau!"

"To da wace sojan ƙasa za shi sauka?"

Depite ya yi wa askarawa nuni da hannu ba tare da ya dube su ba. Aka kwance farar igiya daga turaku. Tana faɗuwa ƙasa, tsofaffi da mata masu goyo suka kwarara cikin rumfa suka zauna a inuwa, har bisa kujerun nan huɗu da ba kowa, ba wanda ya iya cewa su tashi. Rakiya ma ta samu gefen zana ta zauna, ta rufe fuska da mayafi.

Arzika ya bi sabuwar igiya gaba gaba a gaban kowa, ko da yake ya riga ya san ta tun asuba. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Wagga tana da kyau. Ni, Arzika, nic ce." Ya zauna bisa icen, aka zura shi. Ya daɗe bai sauka da kansa ba, ya manta yadda sama ke ƙanƙancewa har ta koma kamar faifai. A ƙasa ruwa ya kai masa gwiwa, mai sanyi. Ya wanke fuskarsa, ya cika ƙwarya, ya girgiza igiya aka jawo shi. Bisa al'ada babban baƙo ake fara ba, Depite kuwa ya shanye ƙwaryar tas, don maƙogwaronsa ya bushe ƙwarai. Baƙar motar ta tashi tun kafin a sauke tukunyar nama, ba wanda ya sake neman farar igiyar.

Bayan kwana tara, ranar kasuwar Takanamat, mahaƙan suna zaune a rumfar Tanimu mai shayi, wanda ke da rediyo, jakunansu ɗaure da kaya za su wata rijiya. Aka karanta labarun ƙasa da Hausa. Aka ce bisa rahoton da ofishin ɗan majalisa ya aiko, an buɗe rijiya a Tungar Rissa, kuma ɗan majalisa Almustafa, tsohon soja mai lambar yabo, shi da kansa ya fara sauka gaba arba'in ya ɗebo ruwan fari, domin ya nuna wa ma'aikata yadda ake bauta wa ƙasa.

Yunusu ya zabura har ya zubar da shayinsa. "Baba, ka ji? Ya sake! Wallahi sai mun tahi Tawa mun..."

Arzika ya ce, "Zamna." Ya buɗe hannuwansa biyu a kan gwiwa yana dubawa. Abin ya yi masa ciwo, ba zai ce bai yi ba. Sa'an nan ya dubi surukinsa, ga shi tsaye da ƙafafunsa, yana huci, da ransa.

"Wancan karo da nit tahi da sunanai, yatsu goma nit tahi da su, bakwai nid dawo da su. Wanga karo bakwai nis sauka da su, bakwai nih hito da su. Shi riƙe sunan."

Ya tashi ya je wurin jakinsa, ya ƙara ɗaure farar igiyar bisa kaya, ya lulluɓe ta da buhu don kada rana ta ci ta.